Dashen Gonar Malam

Da godiya Ɗayyabu ya kawo mini masifar. Ɗalibin mahaifina ne, magidanci har da jikoki, daga Malikanchi yake zuwa ɗaukar karatun fiƙihu a zaurenmu na Kurmin Kogi. Ranar ina tsugune a bakin ƙofa ina kankare laka daga takalmin gona, sai na ji ya gama gaisuwa ya gyara murya.

"Allah gafarta Malam, dashen nan da muka ɗiba a gonarka, sai dai mu ce Allah ya ƙara girma. Wuta-wuta ta cinye mini dawa kaf, amma layin nan ko kallonsa ba ta yi ba."

Na ajiye takalmin. Wuri ɗaya ne tak Baba yake da dawa a bana, kuma dawar tawa ce.

Sunana Raudatu, aikina binciken irin shuka a wata cibiya a Zariya. Tun ina yarinya na tsani wuta-wuta, ciyawar nan mai fure kyakkyawa da mugun hali. Ƙwayarta na kwance a ƙasa shekara da shekaru, ba ta motsi sai ta ji wani ruwa da saiwar dawa ke fitarwa. Da ta ji shi sai ta farka, ta manne wa saiwar, ta tsotse ta tun a ƙarƙashin ƙasa. Kafin manomi ya ga furen, an riga an gama da shi. Ita ta kori 'yan uwan Baba daga noma, yanzu wasunsu suna Kano suna gadin shaguna.

A ɗakin bincikenmu akwai wani kayan aiki da muke kira almakashi don sauƙin faɗa, ko da yake ido ba ya ganinsa. Da shi ake zuwa wuri guda a cikin ƙwayar halittar shuka a datse, a bar sauran yadda yake. Dawar gidanmu kaura na ɗauka, wadda kakana ya bari, na yi ta neman wurin da ke sa saiwarta wannan kiran har na same shi. Faɗar abin a baki ba ta da wuya. Ƙuruciyata ce ta tafi a ciki, tare da rabin hasken idona da duk haƙurin da Allah ya ba ni, wanda da ma ba shi da yawa. Da na bayyana wa Baba, tambaya ɗaya ya yi: na ƙara wa halittar Allah wani abu daga waje? Na ce a'a, baki kawai na rufe mata don ta daina kiran maƙiyinta. Sai ya ce in ɗauki kusurwar gonarsa ta yamma, inda wuta-wuta ta fi yawa.

Hukumar da ke ba da izinin gwaji ta amince, amma da sharaɗi mai tsauri. A kewaye wurin da waya, a sa kwaɗo. Duk kan dawar da zai fito a rufe shi da jakar takarda kafin ya yi bununi, don kada iska ta kai garin furen gonar wani. Ko tsiro ɗaya kada ya ƙetare waya. In ya ƙetare har ya yi bununi a waje, ko aka rasa inda ya shiga, za a soke izinin, a ƙone gwajin, a ƙone har ɗan irin da ya rage mana a firji a Zariya. Wannan ɗan irin shi ke nan abin da na mallaka a duniya.

Na bar Ɗayyabu yana ta zuba godiya, na nufi bayan gida inda yayana Abdussalam ke gyaran babur. Shi na bar wa mabuɗi a farkon damina, lokacin da injin wutar cibiyarmu ya mutu muka koma jigilar kayan sanyi daga wannan gini zuwa wancan. Na ce masa a rage tsiron, a bar biyu a kowane rami, abin da aka cire a tara a ƙone a cikin waya. Ya ce an yi.

"Yaya, ina tokar tsiron da ka ƙona?"

Bai ɗago ba. Ya ci gaba da murɗa noti kamar shi ne tambayar.

"Yaya, da kai nake."

"Ranar Alhamis ce," in ji shi. "Kin san ranar ɗaliban Malam ke zuwa noman gonarsa. Na buɗe musu, suka rage yadda kika ce. Da na ce a ƙone, Raudatu, kallona suka yi kamar na yi saɓo. Wa yake ƙona shuka da damina? Kuma shukar gonar Malam? Kowa ya ɗaure ɗan kaso ya tafi da shi ya cike gurabe a gonarsa, don neman albarka. Haka ake yi tun kafin a haife ki."

"Shi ne ka ce mini an yi."

"To ai an rage."

Na zage shi. Ban taɓa yi ba sai ranar, kuma ba zan maimaita kalmomin ba. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne duk na san al'adar nan. Da hannuna na sha ɗaure wa baƙi dashe ina yarinya. Na yi tunanin awaki, na yi tunanin ɓarayi, har tsuntsu na yi wa tanadi, ban yi tunanin mutanen kirki ba.

Na kira shugabar sashenmu, Farfesa Badi'a. Ta saurare ni har na gama, ba ta katse ni ba.

"A wane mataki dawar take?"

"Ta ɗau ciki. Kai bai fito ba tukuna."

"To ki tattaro su duka kafin bununi, ki ƙone, ki kawo mini shaida. In kin yi haka zan tsaya miki a gaban hukuma, ina ganin gargaɗi kawai za a yi mana. Amma in ko guda ya ɓace, Raudatu, ba ni da bakin magana."

Sai da na durƙusa a gaban Baba kafin ya fahimci girman abin. Ransa bai so ba. Ya ce a rayuwarsa bai taɓa ba mutum abu ya aika a karɓo ba. Na ce Baba, ba naka ba ne ka bayar, amana ce aka ba ni, kuma a gidanka aka ci ta. Maganar ta yi masa zafi, na gani a fuskarsa, amma bai musa ba. Ya lissafo wa Yaya duk waɗanda suka zo noman ranar, ya ce mu je mu ce shi ya aiko mu.

Da Ɗayyabu muka fara, tunda shi ya jawo. Na sha zana wa kaina ranar da zan ga aikina a gonar manomi, har murmushin da zan yi na tanada. Ga shi kuwa na gani. Gona ce ta yi jawur, dawa ta tsugune ba ta wuce gwiwa ba, furen wuta-wuta ya rufe kunya-kunya. A tsakiya kuma ga layi ɗaya kore shar, ya fi ni tsawo, gindinsa fes. Na tsaya ina kallo. Sannan na karɓi adda daga hannun Yaya.

"Hajiya, ki dubi Allah," in ji Ɗayyabu. "Ki bari ta nuna, in yanke in kawo miki zangarniyar har gida. Ko ƙwaya ba zan taɓa ba."

"Ba ƙwayar ce damuwata ba, Malam Ɗayyabu. Bununin ne. Iska ba ta san alkawari ba."

"To ki rufe da takardar nan taku."

"A cikin waya aka yarda in rufe. Nan ba a san da zamansa ba."

Ya juya wajen Yaya, ko zai sami mai goyon baya. Yaya ya ce Malam ne ya aiko. Daga nan Ɗayyabu ya ja gefe. Ya tsaya hannu a baya har muka sare, muka tono gindin, muka zuba fetur muka cinna. Da za mu tafi na yi masa sallama, ya amsa wa Yaya.

Haka muka yi ta bi gona-gona, ni a bayan babur, adda naɗe a buhu. Labari ya riga mu zuwa ko'ina. A Gubuchi wani Tanko ya rantse cewa nasa dashen bai kama ba, duk ya bushe. Na ce to mu ga inda ya bushe ɗin. Ya kai mu ta wata hanya mai zagaye, cikin rake, ko za mu gaji. Ba sai an nuna mini ba, tun daga nesa na hango koren layi ya yi sama da komai. Matarsa ta biyo mu har bakin gona tana faɗin cewa 'yar Malam ta yi boko ta dawo tana ƙona abincin talakawa. Na buɗe baki zan rama, sai na rasa ta inda ta yi ƙarya.

Kowane yammaci na koma gida hannuna duk kanta, kayana na warin hayaƙi. Mata sun daina shigowa gaida Inna. Zauren Baba ya rage cika. Ni kuwa da gari ya waye, kafin komai, sai in ruga cikin waya in matsa cikin dawata in ji yadda kai ya taso, don ita ce agogona. Abin da take yi a nan, shi 'yan uwanta ke yi a can. Ranar da na ga bakin ganye ya tsage, ɗan kai ya leƙo, sai na san lokaci ya ƙure. Mutum ɗaya ya rage mana, kuma shi ne mafi nisa.

Sama'ila sunansa, daga wani ƙauye gaba da Kudan. Baba ya ce ya daɗe bai ga ƙeyarsa ba, wataƙila aikin gona ne ya riƙe shi. Ruwa ya ɓata hanya, sau biyu muna sauka muna tura babur. Da muka isa, wani tsoho a ƙofar masallaci ya amsa tambayarmu da cewa Allah ya yi wa Sama'ila rasuwa tun farkon damina, zazzaɓi ne na 'yan kwanaki. Ba wanda ya tuna ya aika Kurmin Kogi. Matarsa Kulu na cikin takaba.

Yaya ya tsaya a waje, ni na shiga. Gida ne na zana, ɗaki ɗaya da rumfa, akuya ɗaure a turke. Kulu na zaune a tabarma tana tsince wake, mace ce da ta girme ni nesa ba kusa ba. Na yi mata gaisuwar rashi, na kai gaisuwar Baba, ta yi kuka da ta ji sunansa. Ta ce marigayi ba shi da magana sai ta Malam. Ta kawo mini ruwa, na sha, kuma na ji kunyar shansa.

"Inna Kulu, akwai wani dashe da marigayi ya zo da shi daga gonar Malam."

Fuskarta ta washe. "Ai ga shi nan bayan ɗaki. Zo ki gani, 'yar Malam."

Ta ɗaga zana muka fita ta baya. Gonar ba ta da girma, kuma wuta-wuta ta gama da ita kamar sauran. Dashen layi biyu ne, a jikin katangar zana. Na bi su ɗaya bayan ɗaya ina lanƙwaso kara ina dubawa. Kai ya fito a wasu, kore, a dunƙule. Na shafa, na duba tafin hannuna. Babu gari. Na sake shafawa. Babu. Na yi hamdala a fili, har Kulu ta yi dariya, ta ɗauka kyan dawar nake yabawa.

"Shi ne abin da ya shuka na ƙarshe," in ji ta. "Washegari ya kwanta. Ni da yaran muka ce wannan ba za mu ci duka ba, za mu ajiye iri."

Na gaya mata abin da ya kawo ni. Na yi bayanin almakashi, na yi na hukuma, na yi na bununi, ina jin muryata tana zuba kamar ta mai tallan magani. Na ce in aikin ya tsira, watarana kowa zai samu irin nan, har ita, buhu-buhu. Na ce zan kawo mata hatsi daga rumbun Baba. Ta saurara har ƙarshe.

"Malam ne ya ce a sare?"

"Shi ya aiko mu."

Ta dubi layin, ta daɗe tana dubansa. "To ku bari in shiga ɗaki tukuna."

Na zagaya na kira Yaya ta bayan gida. Ya ce shi kam wannan ba zai iya ba, in yi da kaina. Na yi da kaina. Karan ya yi kauri, sai na sara sau biyu sau uku kafin ya faɗi. Ina sara ina kuka, kuma ba zan ɓoye ba, rabin kukan na farin ciki ne. Na gama. Na tattaro su duka. Irin da ke firji ya tsira, zan koma Zariya da fuskata. Muka tono gindayen, muka tara komai a tsakiyar gona.

Na leƙa ta zana na ce, "Inna Kulu, mun gama. Allah ya saka miki da alheri, kin ceci aikin da ba ki san girmansa ba."

Ta fito bakin ƙofar ɗaki, ba ta dubi wajen gonar ba.

"Ba komai. Shi ma mutumin can kun same shi?"

"Wane mutum?"

"Wanda marigayi ya ɗibar wa. Ai da yawa ya taho da shi. Ya ce tayarsa ta yi faci a Makarfi, yana zaune a rumfar mai faci sai wani bawan Allah ya tambaye shi dashen me ne. Da ya ji na gonar malami ne, ya roƙa, shi kuwa ya raba biyu ya ba shi. Ya ce albarka ba a hana ta."

"Ɗan wane gari ne?"

"Bai faɗa ba."

"Sunansa fa? Ko kamanninsa? Ina ya nufa, Inna Kulu, gabas ko arewa?"

"Wallahi ban sani ba, 'yar Malam. Shi ma ina jin bai tambaya ba. Cewa kawai ya yi mutumin na da ladabi."

Na zauna a ƙasa, cikin laka. Yaya ya ce mu koma Makarfi mu tambayi masu faci. Ko shi da ya faɗa bai yarda da maganar ba. Masu faci nawa ne a bakin titin nan, kuma wa zai tuna baƙon da ya zauna a rumfarsa a farkon damina? Ko an tuna, kai ya riga ya fito. Duk inda dawar nan take, gobe ko jibi za ta yi bununi.

Yaya ya tsuguna kusa da ni, ya rage murya. "Wa ya ji wannan maganar? Ni da ke da ita. Duk wanda Malam ya lissafa mun same shi. Ki kai shaidarki ki yi shiru."

Na so in yi hakan. Wallahi na so, fiye da duk abin da na taɓa so. Na riƙe wayar salula ina shirya yadda zan faɗa, har na ji daɗin jimlar a bakina. Amma na bi gonakin mutane ina sare musu abinci da sunan amana, na gaya wa mahaifina magana mai zafi da sunan amana. In na yi shiru yanzu, to ƙeta kawai na yi musu. Na hau kan tudun tururuwa inda sabis ke kamawa, na kira Farfesa Badi'a na gaya mata.

Ta ce dole ta sanar da hukuma yau. Ta ce in ƙone wanda ke gabana, in koma in jira su a Kurmin Kogi, za su zo a ƙone na cikin waya a gabansu. Na firji kuma ita za ta fitar da kanta, ba sai na gani ba.

Na sauko. Kulu ta matso jikin zana daga ciki, ina ganin inuwarta.

"'Yar Malam, yanzu tunda wancan ya ɓace, nawa da aka sare bai yi amfanin komai ba ke nan?"

"Bai yi ba, Inna."

"To ko ganyen za ki bar mini, in ba akuya?"

"Ko shi ba zan iya bar miki ba."

Inuwarta ta gushe daga jikin zana. Yaya ya zuƙo fetur daga tankin babur ya yayyafa a kan tarin, ya laluba aljihu, ya fito da kwalin ashana ya jiƙe sharkaf da ruwan hanya. Ya ƙyasta, ya sake ƙyastawa, kan ya marmashe. Muka tsaya cirko-cirko, ni da shi, ba wanda ya iya buɗe baki ya roƙa. Can sai muka ji motsi a madafa. Kulu ce ta ɗebo garwashi a murfin tukunya, ta miƙo mana ta saman zana.